Soke, share da saitin asali: wace kalma ta dace da saƙon da aka goge amma bai tafi ba?

Masana harshe da masu fassarar manhaja, ina neman mu tsayar da magana a kan kalmomin Turanci guda uku da ke zuwa tare a shafin saitin imel, wato delete da expunge da default, domin kalmar "goge" da muka saba da ita ta gaza ɗaukar nauyin biyun farko.

Dalili yana cikin ƙa'idar IMAP, wadda Mark Crispin ya tsara a jami'ar Stanford a 1986, kuma har yau da ita yawancin manhajojin imel ke karɓo saƙo daga uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye saƙonnin. A wannan ƙa'ida gogewa hawa biyu ce. Da farko, wato delete, ana yi wa saƙon alama kawai, yana nan zaune a akwatinsa, kuma mai shi na iya janye alamar idan ya sake tunani. Sai an ba da umarni na biyu, wato expunge, sannan a kwashe duk masu alamar, ba kuma dawowa. Wanda ya taɓa amfani da manhajar imel ta Evolution ko tsofaffin Outlook ya ga yadda saƙon ke tsayawa da layi ratse a tsakiyar kansa, kamar sunan da malami ya ja wa jan biro a rajista: sunan na karantuwa, amma kowa ya san an fitar da mai shi.

Wannan layin ne ya sa na zaɓi "soke" a hawa na farko, saƙon kuma ya zama "sokakken saƙo". Abin da aka soke a takarda ba ya ɓacewa, hukunci kawai aka yanke masa. Hawa na biyu kuwa "share" ya fi dacewa da shi, tunda abin da tsintsiya ta kai bola ya bar ɗaki. Wani abokin aiki ya kawo "shafe", sai dai ina gudun mai karatu ya rikita ta da "shafi", wanda ke bayyana ko'ina a allon kwamfuta.

Default ta fi wuya. Na sha ganin an fassara ta da "tsoho", kuma wannan kuskure ne, domin zaɓin da masu manhaja suka ɗora jiya ba shi da tsufa ko kaɗan. Masu gyaran waya kan ce a mayar da ita yadda ta zo daga kamfani, ma'anar ta fito sarai, amma jimla ce da ba za ta shiga maɓalli ba. "Saitin asali" gajere ne, kuma yana nuna abin da mutum ya tarar kafin ya taɓa komai.

Idan aka amince, zaɓin da ke ɓoye saƙonni masu alamar a shafin saitin zai karanta "Ɓoye sokakkun saƙonni", sannan tambayar ko a kunna shi a saitin asali ta zo da sauƙi. Ni ina ganin a bar shi a kashe matuƙar manhajar ba ta kai saƙo kwandon shara, kamar yadda Gmail ke yi ta ajiye shi kwana 30, domin wanda aka ɓoye wa sokakkun saƙonni zai ɗauka sun tafi, alhali suna nan suna cinye masa wurin ajiya. Idan a Zinder ko Sakkwato "soke" na ɗaukar wata ma'ana da za ta kawo ruɗani, a sanar da mu kafin mu shigar da ita.