Ruwan cikin ido daga ina yake fitowa ne?

Dan Garwa: Salamu alaikum jama'a. Jiya na kai Baba lopital, likita ya diga mishi wani abu ya auna, yace tansiyon idonshi na dama 28 ne, wai ruwa yayi yawa a ciki. To ni abin da ya daure min kai, Baba ko hawaye baya yi sai in kurar hunturu ta shiga mishi, wane ruwa kuma? In ya rage shan ruwa zai sauka?

Maman Biyu: Wa alaikassalam, Allah ya bashi lafiya. Kar ka hana tsoho ruwa da zafin Garwa dan Allah. Goggona ma shi take fama dashi, diga magani kawai take safe da dare.

Dalibi a Gaundare: Amin. Yaya ba hawaye bane, hawaye a waje yake. Wannan a ciki ake kera shi, bayan bakin idon akwai wani nama kamar zobe mai kwayoyin halitta jeri biyu manne da juna, kuma ba ruwan suke turawa kai tsaye ba, gishiri suke turawa. Jerin baya ya debo sodiyom da kulorayid (sinadarai biyu da suka hadu suka zama gishiri) daga bangaren jini ya mika ma na gaba, su kuma na gaban suna da wasu kananan kofofi da kulorayid kadai ke bi ya fita, in ya fita sodiyom ya biyo shi, ruwa kuma ya biyo su kamar yanda gishiri ke jike a kwano da damina. Kofofin nan budewa suke su rufe, in kwayar ta kumbura sai su kara budewa ta sace. Ruwan da ake kerawa a minti daya wajen maikurolita 2 zuwa 3 ne kawai (maikurolita kashi daya ne cikin miliyan na lita), da dare in ana barci ya ragu kusan rabi. Yawanci ma ba kerawar ce tayi yawa ba, magudanar da ruwan ke bi ya fita ce bata ja, shine awon ke wuce 21, wato iyakar awon ido mai lafiya.

Dan Garwa: Ikon Allah. To in hana sa mishi gishiri a miya kenan? Timolol aka rubuta a ordonas din.

Dalibi a Gaundare: A'a yaya, gishirin miya ba shi ke bude kofofin ba 😅 Timolol din rage kerawar yake, kamar ka dan murda famfo. Amma in Baba nada asma ko bugun zuciyarshi a hankali yake, koma ka fada ma likita kafin ku fara digawa.