Tsohon agogon Jamus "zalla": muhawarar da ta ɓarke a zauren masu son agogo

Baban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi yau raina a ɓace yake. Na kai agogona wajen wani mai gyara saboda yana latti, yana buɗe bayan sai ya ce wai in bari ya ƙwaƙule injin ya sa min na batir in huta. Glashütte Spezimatic fa, ƙirar garin Glashütte na Jamus! otomatik, wato mai wana kansa da motsin hannu, mai duwatsu 26 masu rage gogayya a cikin injin, samfurin da aka fara ƙerawa tun 1964, ya girmi shi kansa mai gyaran kuma har yau yana bugawa. Ni maganata ɗaya ce, tsohon agogon Jamus zalla irin wannan wanke shi ake a sa masa mai a daidaita, duk wanda ya cire masa inji ya kashe shi.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka yaya, amma wannan "zalla" ɗin ka ajiye ta gefe. Jamusawa sun daɗe suna sa injin Suwizalan a agogonsu. Ko manyan agogon ma'aikatan jirgin saman yaƙi na lokacin yaƙin duniya na biyu, masu faɗin milimita 55, na Stowa injin Unitas ne a ciki, na Wempe kuma Thommen, duk 'yan Suwizalan. To ina zallar?

Baban Hanifa: Ni nawa nake magana ba na Stowa ba.

Injiniya: Ɗan Fagge ka faɗi biyu ka ɓoye biyu. Kamfani biyar ne suka yi waɗancan agogunan, Lange da Laco da Stowa da Wempe da IWC, ita IWC dama ta Suwizalan ce ba a maganarta. Na Lange injinsu ne na gida, na Laco kuma Durowe ne na garin Pforzheim. Kuma shi na Baban Hanifa a Jamus ta Gabas aka yi shi, kamfanin gwamnati na GUB da aka haɗa a 1951, su da kansu suka zana injin suka ƙera a Glashütte saboda ba su da kuɗin waje na yawan sayo kaya daga yamma, in wannan bai zama zalla ba to ban san me zai zama ba.

Ɗan Fagge: Kayan gurguzu kenan, an buga su miliyoyi. Wane gado ne a nan?

Injiniya: Yawa ba aibi ba ne ƙanena. Kuma su wa suka yi aikin? Ai mutanen garin ne dai, jikokin waɗanda suka koyi sana'ar tun da Ferdinand Adolph Lange ya buɗe masana'antarsa a 1845. An jefa wa babban ginin Lange bam ranar 8 ga Mayu 1945, Sobiyet ta kwashe injinan masana'antun garin ta tafi da su, a 1948 aka ƙwace kamfanin, amma hannun da ya iya aikin bai bar garin ba. Shi ya sa da Walter Lange, ɗan zuriyar Ferdinand, ya dawo a 1990 ya tarar da ma'aikatan da zai ɗauka, har suka fito da agogon Lange 1 a 1994.

Hajiya Babba: Ni tambaya gare ni Injiniya, an ce cikin injin Lange azurfa ce, gaskiya ne?

Injiniya: A'a Hajiya, suna ne kawai ake ce mata azurfar Jamus, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, in ta daɗe sai ta yi launin ruwan ɗorawa kaɗan. Da ita suke yin farantin nan da yake rufe kashi uku cikin huɗu na injin, yana riƙe ƙafafun haƙora wuri guda don kar su yi rawa, sai dai yana ba mai gyara wuya wajen mayarwa.

Na Malam: To ashe ko azurfar tasu ma ba zalla ba ce.

Injiniya: Ba wanda ya sayar maka da ita a matsayin azurfa malam.

Na Malam: Ni dai duk wannan surutu ne. Seiko 5 ɗin da babana ya zo da shi daga Makka har yau yana hannuna, ba a taɓa buɗe shi ba.

Kawu Mai Agogo: Ba a taɓa buɗewa ba? To man ciki ya bushe tuni ɗana, ƙarfe ne ke cin ƙarfe kana murna. Wannan ba abin alfahari ba ne.

Na Malam: Kawu ku masu gyara dama haka kuke so a riƙa kawo muku kullum.

Kawu Mai Agogo: Subhanallahi. Na taɓa ce maka ka kawo min? Ka janye wannan maganar.

Na Malam: Ban kama suna ba.

Kawu Mai Agogo: Ka ce "ku", ni kaɗai ne mai gyara a nan.

Ɗan Fagge: A bar Kawu ya huta mu koma kan zalla. Yau wa ke da Lange? Richemont. Wa ke da Glashütte Original? Swatch. Duk tun shekarar 2000 kuma duk na Suwizalan. Ko Junghans Max Bill otomatik na yanzu tushen injinsa daga can yake. Dokar garin ma cewa ta yi rabin darajar aikin ya zama a Glashütte aka yi kafin a rubuta sunan a fuskar agogo. Rabi fa, ba duka ba.

Injiniya: Muna maganar tsoho ka tsallaka na yanzu. Junghans na Schramberg tun 1861 yake, a 1903 babu masana'antar agogo da ta kai shi girma a duniya, kuma agogon hannu na Max Bill na farko na 1961 injin Junghans ne a cikinsa. Mai kamfani daban, maƙeri daban.

Ɗan Fagge: Ka taɓa riƙe ko ɗaya a hannunka ko dai karatu ne?

Injiniya: Kai ka taɓa buɗe bayan Rado ɗin da kake ta ɗora mana hotonsa?

Baban Hanifa: Jama'a don Allah, ni cewa na yi bai kamata a cire inji a sa batir ba, ko mutum ɗaya bai taɓo wannan ba.

Admin: To 'yan uwa dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma. An nuna da hujja cewa Jamusawa sun jingina da injin Suwizalan tun zamanin yaƙi, kuma manyan kamfanonin Glashütte biyu yau a hannun 'yan Suwizalan suke, don haka kalmar zalla ba ta tsaya ba, Ɗan Fagge ya yi ƙoƙari sosai. Injiniya ma ya kawo ɗan tarihi mun gode. Duk mai neman tsohon agogo mai wani shawarata ya nemi Omega ko Longines, kayan gyaransu sun fi sauƙin samu. Na Malam ka ba Kawu haƙuri ta bayan fage. Na rufe wannan maudu'in, kar wanda ya ƙara rubutu a kai.