Wane ciko ya fi dacewa da bargon da za a ɗinka da hannu?

Maman Amira, Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar ɗinki. Tun ƙarshen damina nake tara ƙyallayen atamfa da ke raguwa a shagona, na harhaɗa su har suka kai faɗin gado, da nufin in yi wa mahaifiyata bargo mai ciko kafin hunturu ya kankama, domin sanyin asuba yana taɓa mata gwiwoyi ƙwarai. Da hannu nake son ɗinke shi, ba da keke ba. Bara na gwada da audugar roba mai kauri, wadda masu shago ke kira faiba, amma allura ta ƙi tafiya yadda nake so, ɗinkin ya fito manya-manya ba tsari, kuma bayan wanki uku sai farin gashi ya fara leƙowa ta cikin yadin mai duhu. Yanzu ina tsakanin audugar gona, da audugar rimi, da faiba marar kauri. Wacce za ku zaɓa?

Tsohon tela, Kanwuri:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi albarka, ya ba mahaifiyarki lafiya. Ki fara cire audugar rimi daga lissafinki. Tana da kyau a matashin kai da katifa, inda ake cusa ta da yawa a ɗinke baki, amma zarenta gajere ne mai santsi, ba ya kama ɗan'uwansa, saboda haka ba ta shimfiɗuwa ta zauna lafe tsakanin yadi biyu, kuma da an yi wanki za ki tarar ta tattaru dunƙule-dunƙule a lunguna. Na san za a ce ai da ita da auduga ake cika lifidin dawaki, irin wanda muke gani a hawan salla. Gaskiya ne, sai dai lifidi ba abin da ake kaiwa wanki kowane wata ba ne, kuma kauri ake nema a wurinsa, ba laushin kwanciya ba.

Ni audugar gona zan zaɓa, bisa sharaɗi biyu. Na farko, ta kasance an gurje ta sosai. Ki ɗebi kaɗan ki ɗaga ta wajen hasken rana, duk ɗigon baƙi da kika hango, ko dai gurya ce ko ɓawonta, kuma kowanne daga cikinsu yana tsayar da allura cak, sa'an nan man da ke cikin gurya yana iya fitowa ya bar tabo a kan yadi mai haske. Iyayenmu mata sukan gurza auduga a kan magurji, su bi ta da bakan shiɓa har ta tashi ta yi sako-sako, kafin a taɓa ta da wani aiki, kuma idan kin sami tsohuwar da har yanzu take shiɓa a unguwarku, to ki riƙe ta da kyau. Na biyu, ki shimfiɗa ta sirara, kada ta wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsanki kafin a danne ta, ki kuma matso da layukan ɗinki kusa da juna, kada tsakaninsu ya wuce faɗin yatsu uku. Auduga da aka shiɓa da hannu ba abin da ke riƙe ta sai ɗinkin nan, idan kika ba ta fili za ta yi tafiyarta.

Hajiya mai koyar da ɗinki, Runjin Sambo:

Na yarda da Baba a kan audugar rimi, amma ina ganin bai kamata a yanke wa faiba hukunci gaba ɗaya ba. Abin da ya wahalar da ke bara kaurinta ne. A ɗinkin hannu ana ɗora ɗinki uku ko huɗu a kan allura kafin a ja zare, kuma hakan ba ya yiwuwa idan cikon ya yi tudu, domin allurar ba za ta iya nutsewa ta dawo sama a ɗan taƙi ba. Faiba sirara tana cikin abubuwan da allura ta fi ratsawa cikin sauƙi, ba ta tsukewa a wanki, tana kuma bushewa da wuri. Auduga kuwa takan ja da baya kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, shi ya sa bargonta ke yin 'yar tamoji, wanda wasu ke so wasu kuma ba sa so.

Duk da haka, da yake tsohuwa za a yi wa, ni ma audugar zan bi, saboda wani dalili da ya fi sauƙin ɗinki nauyi a wurina. Tsofaffinmu ba sa rabuwa da kaskon garwashi a ɗaki lokacin hunturu. Auduga ma tana cin wuta, amma roba narkewa take yi ta manne a fata, kuma wannan ƙuna ce mai muni. Ban da haka, sanyinmu na Sakkwato bai cika wuce Disamba da Janairu zuwa farkon Fabrairu ba, kuma faiba tana riƙe gumi, da an shiga Maris sai a naɗe ta a jefa kan sif.

Idan kin ci karo da cikon auduga na kanti wanda ke zuwa a naɗe, ki ɓare gefensa ki duba. Wasu ana manna musu wani siririn raga a jiki domin kada su yage a keke, kuma wannan ragar tana gajiyar da yatsa matuƙa a ɗinkin hannu. Wanda ba shi da ita za ki nema. Na ulu ya fi kowanne daɗin allura, amma samunsa a nan da wuya, kuɗinsa ma ba kaɗan ba ne.

Maman Sadiq, Arkilla:

Yaya, ni tsofaffin zannuwan atamfa biyu da suka sha wanki har suka yi laushi na sa a tsakiya, ban sa auduga ko kaɗan ba, kamar yadda matan Bangaladash ke haɗa tsofaffin zannuwansu su bi su da ɗinkin hannu. Bai kai na auduga ɗumi ba, amma shekara biyu ke nan ana wanke shi bai dunƙule ba. Ki guji shadda dai, domin saƙarta a matse take, yatsanki zai gaya miki.

Maman Amira, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na yanka ƙyalle uku masu faɗin tafin hannu biyu, na cika ɗaya da auduga, ɗaya da faiba sirara, ɗaya da tsohon zane, na ɗinke su na wanke na shanya. Na faiba ya fi saurin ɗinkuwa kamar yadda Hajiya ta ce, amma da na kai wa Inna su ukun ta shafa, na audugar ta riƙe ta ƙi saki. Na tarar da gurya huɗu a cikin ɗan abin da na gwada da shi, don haka sai an sake tsince ta. Baba, layukan ɗinkin daga tsakiyar bargon zan fara su in yi waje, ko daga gefe ɗaya zan kama in bi har ƙarshe?