Tashar nukiliya taka, makamashi na wani: wa ke riƙe da makunnin?

Malam: Ina nan a kan bakana. Ƙasar da ta sa hannu cewa ba za ta tace yuraniyom da kanta ba, kamar yadda Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi da Amurka a 2009, ta miƙa makunnin wutarta ga baƙi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Injiniya: Allah gafarta Malam, ai ba fetur ba ne. Tashar nukiliya sai bayan wata 12 zuwa 18 ake canza mata makamashi, shi ma kusan kashi ɗaya cikin uku. Na shekaru da dama ba ya cin wuri, a saya a ajiye. Ga tashar Barakah nan da Koriya ta Kudu ta gina wa Daular Larabawan, tana ba su kusan rubu'in wutarsu.

Malam: To tambayi Indiya. Amurka ce ke ba tashar Tarapur makamashi. Da Indiya ta yi gwajin bam a 1974, Amurka ta yi doka a 1978, daga baya ta janye hannu. Faransa ce ta cike gurbin, sannan Sin, sannan Rasha.

Hajiya: Malam, wanda ya tayar da bam ai shi ya jawo wa kansa. Kuma Tarapur ɗin ba ta mutu ba.

Malam: Iran fa, Hajiya? Zamanin Shah ta ranta wa Faransa dala biliyan 1 don masana'antar tace yuraniyom ta Eurodif, ta samu kaso a ciki. Bayan juyin 1979 ko gram ɗaya ba ta karɓa ba.

Injiniya: Wannan kam gaskiya ne. Amma don irin haka hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta buɗe rumbu a Kazakistan a 2019, tan 90 na tataccen yuraniyom.

Auta: Yaya Injiniya, a yi min afuwa, nan ne ban yarda ba. Abin da ke rumbun ba sandunan makamashin da ake zurawa a tukunyar nukiliya ba ne, sai an kai masana'anta an ƙera su, kuma kowace tukunya da irin nata. Yukiren ta shafe shekaru kafin tashoshinta ƙirar Tarayyar Sobiyet su karɓi sandunan kamfanin Westinghouse na Amurka. Hangari kuwa a 2022 ta jirgin sama aka riƙa kawo mata na Rasha. Ni a wurina tarkon yana wajen ƙera sanduna, ba tacewa kaɗai ba.

Hajiya: Ita Amurkan ma da ta haramta yuraniyom ɗin Rasha a 2024, sai da ta bar wa kanta ƙofa har ƙarshen 2027.

Malam: Kun gani? Babba ma bai tsira ba.

Injiniya: To kowa ya kafa injin tacewa kenan? Injin da ke tace shi zuwa kashi 5 na tashar wuta shi ne ke kai shi kashi 90 na bam. Gara a yi ciniki da masu sayarwa biyu ko uku, a rubuta cikin yarjejeniyar.

Auta: In wanda ya gina maka tashar shi ya ba ka bashin kuɗinta, zai yarda ka rubuta hakan?