Neman kalmar Hausa: faifan kuloci mai gammo da faifai tsura

Jama'a, assalamu alaikum. A makon jiya wani ƙanena da yake koyon kanikanci ya kawo mini takardar bayanin kayan kuloci domin in mayar masa da ita Hausa, sai na tsaya cik a kan sunaye biyu, wato "sprung disc" da "solid disc", waɗanda takardar ta ce dole mai mota ya zaɓi ɗaya a cikinsu idan zai sanya filawil mai ƙarancin nauyi (filawil shi ne faffaɗan ƙarfen da inji yake juyawa, wanda faifan kuloci yake mannewa a jikinsa). Kuloci da giyabos da filawil sun riga sun zauna a bakin kanikawa, babu dalilin taɓa su. Waɗannan biyun ne ban ji wani tsayayyen suna a kansu ba.

Kafin a raɗa wa abu suna ya kamata a san aikinsa. Inji ba ya juyawa sumul kamar yadda kunne yake zato, bugu-bugu yake yi. Inji mai silinda 4 yana bugu sau 2 a kowane zagaye, saboda haka idan yana silo a kan zagaye 800 a minti, bugu 1,600 ke nan, kimanin 27 a kowace daƙiƙa. Nauyin filawil shi ne yake haɗiye ƙarfin kowane bugu ya sake shi a hankali kafin na gaba ya zo. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya san wannan hikimar, domin gululun da yake gindin mazari aikinsa ke nan: a murza sau ɗaya, nauyin yumɓun ya ci gaba da juya shi. Har na so in kira filawil "gululun inji", amma na ga idan aka tambayi hakan a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano kallon mamaki za a sha, don haka na bar gululu ga malami mai bayani a aji.

Masu son mota ta riƙa amsa totur da sauri sukan cire filawil ɗin asali su sanya na alminiyam ko na ƙarfen da aka rage wa kauri. Wani ya ba ni shawarar "filawil marar nauyi", sai dai yana da nauyinsa, raguwa kawai ya yi. A rubutu na fi son "mai ƙarancin nauyi", a magana kuwa "filawil sakayau" ya wadatar. Abin lura shi ne, da zarar nauyin ya ragu, bugun da yake haɗiyewa sai ya zarce zuwa giyabos, kuma a nan ne zaɓin faifai yake da muhimmanci.

Na je garejin da yaron yake koyo, maigidansa ya ɗauko mini faifai biyu ya ajiye a kan benci. Na farko yana da tagogi a kewayen cibiyarsa, a cikin kowace taga an kwantar da gajeren sifirin mai kauri kamar babban yatsa, yawanci guda 4 zuwa 6. Cibiyar da take shiga sandar giyabos ba a manne take da fuskar da take gugar filawil ba, sifirin ɗin ne a tsakaninsu, ta yadda fuska za ta ɗan murɗa kafin cibiya ta bi ta. Na biyun kuwa an daddatse cibiya da fuska da ƙusoshi sun zama abu guda, duk abin da inji ya yi, giyabos zai ji shi nan take.

Suna mafi sauƙi shi ne "mai sifirin" da "marar sifirin", kuma ba zan ce kuskure ba ne. Damuwata ita ce sifirin ya yi yawa a cikin kuloci. Murfin da yake danne faifan yana da nasa mai kama da yatsu a jere, sannan a tsakanin fuskoki biyu na faifan akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa wanda yake sa mota ta tashi a hankali. Ɗalibin da aka ce wa "marar sifirin" zai iya ɗauka duk babu su. An kuma kawo "sandararre" da "daskararre" a matsayin sunan na biyun, amma a kunnen bakanike waɗannan sunayen cuta ne, faifan da ya yi tsatsa ya ƙi motsi ake nufi.

Abin da nake ba da shawara shi ne gammo. Mai tallar da ta ɗora tulu a ka tana sanya gammo tsakanin kaya da kai, ba don ya rage nauyin ba, sai don kada kowane taku ya daki ƙoƙon kanta. Zobe ne, a tsakiya yake zama, aikinsa kuma ɗaukar jijjiga. Saboda haka na farko ya zama "faifai mai gammo", na biyu kuma "faifai tsura", kamar yadda muke cewa tsurar abu idan babu haɗi a cikinsa. Maigidan garejin ya ja da ni a nan, ya ce gammo dannawa yake tarewa, sifirin ɗin cibiya kuwa murɗawa yake tarewa, kuma gaskiyarsa ce. Na amsa masa da cewa inda ake tsoron ruɗani a rubuta "gammon cibiya", amma bai gamsu sosai ba.

Dalilin da ya sa na nace a kan gammo shi ne yana warware wani sunan na uku. A 1985 kamfanin LuK na Jamus ya fara ƙera filawil mai ɓari biyu, wanda aka mayar da sifirin ɗin cikinsa, kuma yau shi ne a yawancin ƙananan motocin dizal na Turai masu giyar hannu, har da na kwatano da suke shigo mana. Wannan sai mu kira shi "filawil mai gammo", shi ya sa faifan da yake zuwa da shi galibi tsura ne. Idan aka cire shi aka sanya filawil guda sakayau, aka kuma bar faifai tsura, to an ɗora tulu a kan tsurar kai. Alamarsa ba ta ɓuya: mota tana tsaye a firi, giyabos yana ƙara kacau-kacau kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, da an taka kuloci sai ƙarar ta ɗauke. Haƙoran giya ne suke karo da juna, haƙoran cibiyar faifan ma a hankali suke cinyewa. Kamfanin Valeo, wanda yake sayar da kayan sauya filawil mai ɓari biyu zuwa guda, da faifai mai gammo yake haɗa su.

Faifai tsura yana da wurinsa a motar tsere, domin ya fi sauƙin nauyi, giya tana saurin shiga, babu kuma sifirin da zai fice daga tagarsa idan aka fizgi mota da ƙarfi, direban kuwa ƙarar giyabos ba ta dame shi ba. Motar da take wuni a cunkoson Kano tana tashi tana tsayawa, mai gammo ne nata, ko da yake shi ma rage ƙarar yake yi, ba lallai ya kawar da ita duka ba idan filawil ya yi sakayau ƙwarai.

Jimlar da na rubuta wa ƙanen nawa ita ce: "Idan filawil ba shi da gammo, a sanya faifai mai gammo, faifai tsura na filawil mai gammo ne ko na motar tsere." Siririn ƙarfen nan mai lanƙwasa na tsakanin fuskoki shi ne ya rage babu suna, maigidan garejin ya ce "katifa", ina sauraron kanikawan Kaduna da na Maraɗi su faɗi abin da suke kiran sa a wurinsu.