Muhawara: Shin rigar na'ura za ta riga idon uwa gano larurar jariri?

Malam Habu, ma'aikacin lafiya a karkarar Ringim: Jama'a, ina nan kan bakana cewa asibitocinmu na ƙauye suna buƙatar irin rigar jarirai da masana a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland suka ƙirƙiro, wadda aka liƙa wa ƙananan na'urori a hannuwa da ƙafafu domin auna motsin yaro, kwamfuta kuma ta tantance. Tsakanin wata 3 zuwa 5, lafiyayyen jariri yana wani ɗan wutsil-wutsil da gaɓoɓinsa, kuma tun binciken masanin motsin jarirai Heinz Prechtl likitoci suka san rashin wannan motsi alama ce mai ƙarfi ta raunin ƙwaƙwalwa mai shanye jiki. Mu kuwa sai yaro ya shekara biyu bai zauna ba ake kawo mana shi, bayan an gama kiransa ɗan ruwa.

Hajiya Rabi, ungozoma: Malam, ban raina iliminka ba, amma jaririnmu a goye yake yini, uwarsa tana surfe ko tana jan guga a rijiya. Motsin wa na'urar za ta ƙirga, nasa ko nata?

Malam Habu: Hajiya, ba a goye ake awon ba. Kwantar da shi ake yi a shimfiɗa yana wasa, sannan a cire rigar.

Malam Isiyaku, malamin firamare: Ni tsorona kuskure ne. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wanda Ghana tana cikinsa, ya nuna lafiyayyen yaro yana iya fara tafiya tun wajen wata 8, wani kuma sai ya kusa wata 18. Idan na'urar da aka gwada a kan 'ya'yan Turawa ta yi wa lafiyayyen ɗanmu tambari, a gidan da ake zaman kishi, wa zai goge masa sunan?

Malama Hadiza: Ku yi mini uzuri, iyayena, abin a gidana yake. Ɗana ya yi shawara a kwana na uku, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, aka ce in riƙa shanya shi a hantsi. Da ya kai wata shida wuyansa bai tsaya ba, hannunsa na dama kullum a dunƙule, na kai shi asibiti har sau biyu ana ce mini in ƙara haƙuri. Idona ya gani tun da wuri, wanda zai saurare ni ne babu. Yanzu gashin ƙashi sai Kano, kuma kuɗin mota ya sa sau ɗaya muke zuwa a wata.

Malam Habu: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Amma da kin shiga da takardar awo a hannunki, da wuya a sallame ki da haƙuri.

Hajiya Rabi: To Malam, kafin rigar ta iso, wa zai koya mana mu ungozomomi duba wannan wutsil-wutsil ɗin da ido?