Alƙaluman Moodle sun isa a auna ƙwazon malami?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Makaranta ce mai malamai 14, rabin darussanta a Moodle ake yi, wato manhajar koyarwa ta intanet. Hukumar makarantar na son a riƙa auna kowane malami da abin da manhajar ke tarawa: sau nawa ya shiga, awa nawa ɗalibansa suka yi a ciki, da makin da suka ci. Wannan ya wadatar? In bai wadatar ba, me za a ƙara?

Wata malama:
Wa alaikumus salam. Malam, bai wadatar ba, musamman batun awanni. Abin da Moodle ke rubutawa shi ne wane ya danna me, da ƙarfe nawa. Ɗalibin da ya buɗe shafi ya tafi sabgarsa zai fito kamar mai naci, wanda kuwa ya sauke PDF ya kwana yana karantawa, dannawa ɗaya kacal za a gani a sunansa. Ranar da malamai suka gane da yawan shiga ake auna su, shiga ce za ta ƙaru, koyarwa tana nan yadda take.

Abin da ya cancanci a ciro daga ciki biyu ne: kwana nawa ɗalibi ke jira tsakanin miƙa aiki da dawowar gyara, da tambayoyin da suka wuce awa 48 a zauren tattaunawa ba amsa. Jerin mahalarta kwas kuma yana nuna ranar da kowa ya yi shigar ƙarshe. Wanda ya kwana bakwai bai leƙo ba, a neme shi tun bai ɓace ba.

Wani malami:
Ƙari a kan maganar Malama: dole a kalli koyarwar kanta. Binciken MET, wato wani nazari kan yadda ake auna ingancin koyarwa da Gidauniyar Gates ta ɗauki nauyi a Amurka, wanda ya ƙare a 2013 da malamai kusan 3,000, ya nuna an fi samun ma'auni mai inganci idan aka haɗa kallon darasi, ra'ayin ɗalibai da ci gaban makinsu, kuma ƙara mai kallo na biyu yana rage kuskure.

A aikace, a ɗauki bidiyon darasi biyu na kowane malami a zango, ɗaya shi ya zaɓa, ɗaya hukuma ta zaɓa. Minti 15 daga kowanne ya isa. Mutum biyu su kalla daban-daban, da fom iri ɗaya mai abubuwa biyar, maki 1 zuwa 4: bayyana manufar darasi, misalai, irin tambayoyin da yake yi, yadda yake gano wanda bai fahimta ba, da amfani da lokaci. Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne fara ba da maki ba tare da masu kallon sun daidaita ido ba. Su fara da bidiyo ɗaya tare, su yi musu a kan me ya bambanta maki 2 da maki 3 har su yarda. In daga baya tazararsu ta wuce maki ɗaya, a sa mai kallo na uku. Kada a ɗauki hoton aji sai an sanar da ɗalibai, in yara ne kuma da yardar iyaye.

Wata mai tsara jarrabawa:
Fom ɗin ra'ayin ɗalibai kada ya wuce tambaya takwas, kuma a tambayi abin da suka gani da ido. "Malami yana dawo da gyara cikin mako guda?" ta fi "Kana son malaminka?" amfani nesa ba kusa ba. In Google Forms ne, a kashe tattara adireshin imel, in Moodle ne a zaɓi ɓoye suna. A tura a mako na biyar ko na shida. Bayan fitar sakamako haushi da murna ne ke cike fom. In waɗanda suka amsa ba su kai rabin aji ba, kada a yanke hukunci da shi.

Maki kuwa, a gwada ɗalibai a makon farko da na ƙarshe a kan abu ɗaya, a duba tazarar. In ba haka ba, wanda aka ba ajin masu rauni kullum shi ne a ƙasa. A kuma buɗe rahoton alƙaluman jarrabawa na Moodle: yana nuna kaso nawa suka ci kowace tambaya. Wadda kowa ya faɗi, har da haziƙan ajin, a fara zargin tambayar ko amsar da aka saita mata kafin malami.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To wa ya kamata ya ga sakamakon?

Wani malami:
Malamin da kansa tukuna, cikin mako guda, a zaman mutum biyu, a fito da abu ɗaya ko biyu da zai gyara kafin kallo na gaba. Zangon farko gwaji ne, kada a haɗa shi da ƙarin girma ko albashi. Bidiyon kuma a ajiye a babban fayil ɗin da mutum uku kawai ke iya buɗewa, a sa ranar goge shi tun daga farko.